Abin da Nake Sharewa Kowace Safiya

Litinin, 3 ga Fabrairu

Takardar kwamitin da ke kula da hayayyafar dabbobi ta iso yau. Darakta ya kira ni ofishinsa, ya miƙo mini ita da hannu biyu kamar mai gaisuwar ta'aziyya. Abin da ta ƙunsa gajere ne. Karkandarmu mace, wadda muke kira Mai Yauƙi, ta shekara goma sha tara a gidan dabbobin nan ba ta haihu ba. Irinta sun yi ƙaranci a duniya, ba za a bar lafiyayyar mace ta tsufa haka nan ba. Idan har ƙarshen Yuni ba ta karɓi namijinmu ba, za a ɗauke ta zuwa wani gidan dabbobi mai nisa, inda aka ce kiwo yana karɓarsu.

Na karanta sau biyu, na ninke, na ce, "To, ranka ya daɗe." Na sa ta a aljihu na fito.

Ni na buɗe mata akwatin da aka kawo ta a ciki, tana 'yar shekara uku. Ta yi rabin yini kafin ta fito, kuma da ta fito ɗin, a hankali ta riƙa ɗaga ƙafa tana ajiyewa kamar mai taka ƙwai. Daga nan ta sami sunanta. Yau da la'asar na tsaya a bakin shingenta, ta zo ta ɗora leɓenta na sama a tafin hannuna tana neman ganye. Ban gaya mata komai ba.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Na shimfiɗa taswirar sabon shingen karkanda a kan teburina, na danne kusurwoyinta da kofi da makullai. Shekara biyu muna zana ta ni da mai zanen gini. Babu sandunan ƙarfe. Rami mai faɗi ne zai raba dabba da masu kallo. Ƙasan filin kuwa daɓen siminti ne sumul, mai ɗan gangare zuwa magudana, ga famfo uku, yadda mutum ɗaya da tiyo zai wanke shi tas kafin a buɗe ƙofa. An gama rami da katanga. Tsakiyar watan gobe za a zuba daɓen.

Ina cikin kallon takardar sai na ga kamar layukan sun ɗago sun zama gini, rana tana haskawa a kan jiƙaƙƙen daɓe, ga wani ɗan ƙaramin abu mai manyan ƙafafu, ƙahonsa bai ko tsiro ba, yana tuntuɓe a bayan uwarsa. Na daɗe ina bin sa da ido. Sai da shayina ya huce na farga.

Talata, 11 ga Fabrairu

Likitar dabbobinmu ta same ni ina wanke ɗakin Soja, wato namijin. Shekararta ɗaya da zuwa, sa'ar 'yata ta biyu ce, tana da ladabi, sai dai ba ta iya ɓoye abin da ke ranta ba. Ta jira har na kashe famfo.

Ta ce, "Baba, sau nawa aka taɓa haɗa su?"

Na ce sau shida, kuma duk da faɗa aka tashi. A na huɗu ne ta yaga masa kunne, har yau yana ɗauke da tabon.

"Wa ke zaɓar ranar haɗawar?"

Na ce mu ne, da kalanda da kuma duban ido.

Sai ta ce ai shi Sojan ne ya kamata ya zaɓa, domin shi kaɗai ke iya sanin lokacinta. Wai a daji karkanda ba sa zama tare, kuma idonsu ba ya gani da nisa. Wuri ɗaya suke tara kashinsu, tuli guda, kowa ya zo wucewa ya shinshina, ya san wanda ya wuce, da lafiyarsa, da ko mace ta kai lokacin barbara. Maganarta da ta tsaya mini ita ce: "Wasiƙa suke rubuta wa juna, Baba. Mu kuma kullum ƙarfe shida na safe sai mu yage ta, mu bi da ruwan magani."

Ta ce "mu". Kirki ne ya sa ta faɗi haka. Duk gidan nan an san mutum ɗaya ne ke riƙe da makullin shingen karkanda da ƙarfe shida.

Na gode mata, na ce zan duba. Na kunna famfona.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Ilimin littafi daban, aiki daban. Na wanke ɗakunan kamar kullum.

Jumma'a, 21 ga Fabrairu

Likita ba ta ga shekarar annoba ba. Ina sabon ɗauka a lokacin. Cikin mako ɗaya muka ja gawar gwanki bakwai da ɓauna biyu daga turakun da ƙazanta ta yi wa katutu. Marigayi maigidana, wanda ya koya mini aikin nan, ya tsaya a kansu hularsa a hannu, ya ce mini dabbar da aka tsare ba ta da inda za ta guje wa ƙazantarta, saboda haka wanda ya tsare ta shi zai gusar mata. Tun daga ranar ban bar kashi ya ga hantsi a shingen da nake kula da shi ba. Shekara talatin da takwas. Dabba ko ɗaya ba ta mutu a hannuna da ciwon ciki ba. Har takardar yabo aka ba ni, tana rataye a falo.

Yanzu kuma a ce mini…

Ba zan ƙarasa ba.

Asabar, 1 ga Maris

Mai ɗakina ta lura ba na cin abinci sosai, ta matsa, na kwashe labarin na gaya mata. Ina tsammanin za ta goyi bayana. Sai ta ajiye ɗinkinta ta kama dariya har da share hawaye.

"Malam, ai ni na riga likitar sani. Sau nawa na rubuta maka saƙo na ajiye a kan tebur, ka zo ka tattara da ɓawon lemo ka zuba a shara? Allah ya taimake ni da baki nake magana, da tuni ka share ni."

Na ce wannan ba abin wasa ba ne. Ta ce ita ma ba wasa take ba, ta ci gaba da dariyarta. Daga baya sai ta ce a hankali, "Idan yarinyar nan ta yi kuskure, me ka rasa? Idan kuwa ta yi daidai, ka gwammace a tafi da baiwar Allah a mota da dai a ce ka yi kuskure?"

Na fita tsakar gida na duba shukokina. Ba sa bukatar dubawa.

Talata, 4 ga Maris

Na yarda da gwaji, bisa sharaɗi. Ɗakunan kwana za a ci gaba da wanke su yadda aka saba. A wannan Likita ba ta yi musu ba, ta ce gaskiyata ce. A waje kuwa za a bar tuli ɗaya a kusurwar kowane shinge, kuma duk bayan kwana biyu a ɗebi bokiti guda daga na Mai Yauƙi a kai wa Soja.

Dogo ne ya ɗauki bokitin farko. Shekara ashirin da biyar muna aiki tare, bakinsa bai taɓa hutawa ba. Ya riƙe shi nesa da jiki yana tafiya da ƙasaita, yana cewa, "A ba da hanya, ɗan aike ne! Ranka ya daɗe Soja, saƙo daga gidan surukai."

Soja yana kwance. Ya saba kwanciya tun safe har azahar, mun ɗauka halinsa ke nan. Sai kunnensa mai lafiya ya juya. Ya tashi, ya nufi wurin kai tsaye, ya sunkuyar da kai ya daɗe. Sannan ya ɗaga kai sama, ya naɗe leɓensa, ya tsaya cak kamar mai ƙoƙarin tuna wata murya. Daga nan ya juya baya ya yi nasa a kai, ya tona da ƙafafunsa na baya, ya zagaye shingen duka yana taka ƙasa da ƙarfi.

Shekararsa goma sha huɗu a hannuna. Ban taɓa ganin ya yi haka ba.

Likita ba ta dube ni ba. Na ga alherin hakan.

Litinin, 10 ga Maris

Barci ya ɗauke ni a kan benci bayan azahar, ƙarƙashin itacen da ke gaban shingen raƙuman dawa. Na ga an ɗebe katangun gidan nan duka. Ciyawa ta tashi har ƙugu, ta wuce ƙofar shiga, ta cinye titi da shaguna, ta tafi har inda ido ya ƙare. Ga 'yar hanya siririya a cikinta, Mai Yauƙi tana bi, ni ina bayanta da tsintsiya a hannu, ina neman wurin da zan jingine ta, amma babu bango ko ɗaya. Ban ji tsoro ba. Iska tana da wani ƙanshi wanda ban san shi ba.

Da na farka sai na tuna ban taɓa ganin karkanda a daji ba. Duk abin da na sani game da su, a kan siminti na koye shi.

Lahadi, 16 ga Maris

Dole in rubuta wannan yadda ya faru.

Dogo yana hutu, Likita ta tafi taro na kwana biyu. Na shigo da sassafe ni kaɗai, raina yana can wajen zancen daɓen da za a zuba ranar Talata. Na buɗe ƙofa, na ɗauki shebur da baro. Ban farga ba sai da na ji ƙaurin ruwan magani a hancina. Tuli biyun duka na kwashe, na goge wurin da buroshi, na ɗauraye. Aikin kwana goma sha biyu.

Ba da niyya na yi ba. Na tambayi kaina sau da yawa, kuma ina jin ba da niyya ba ne. Hannuwa ne suka yi abin da suka sani.

Soja ya fito ya tafi kusurwarsa. Ya shinshina jiƙaƙƙen wurin, ya yi atishawa, ya sake shinshinawa. Sannan ya yi wani ɗan kuka siriri, wanda ba za ka ce daga jiki mai girman nan ya fito ba, kamar na ɗan kyanwa. Ya koma ya kwanta.

Talata, 18 ga Maris

Likita ta dawo. Na gaya mata da bakina tun kafin ta gani. Ta buɗe littafinta, ta ƙirga kwanaki da yatsa, ta ce alamun ranar Jumma'a sun nuna lokacin ya kusa, mai yiwuwa jiya ne ko shekaranjiya, kuma ya wuce. Sai bayan kwana ashirin da biyar. Wato sauranmu dama uku, ko huɗu in an yi sa'a.

Na ce, "Laifina ne, Likita."

Ta ce, "Baba, hannun da ya yi shekara talatin da takwas yana abu ɗaya ba ya dainawa a mako biyu." Da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Ƙarfe goma motar siminti ta iso sabon shinge, tana juya cikinta. Na tafi na tsaya a gabanta. Ban shirya yin haka ba tun daga gida. Na ce wa shugaban magina a dakata. Aka kira mai zanen gini, ya zo da taswira a hammata, ya ce, "Baba, ai kai ka nace a kan daɓen nan, har gangarensa kai ka auna!" Na ce na sani. Na ce a zuba a ɗakunan kwana kawai, filin a bar shi ƙasa. A haƙa kwari a gefen yamma a sake masa ruwa ya zama taɓo. A jibge duwatsu da kututture a tsakiya, yadda idan ɗaya ya kori ɗaya, wanda aka kora zai sami abin zagayawa ya ɓace wa ido.

Ya ce masu kallo ba za su riƙa ganin dabbar sosai ba. Na ce su yi haƙuri su jira ta fito.

Darakta ya sa hannu da yamma. Ya dube ni ta saman tabarau.

Alhamis, 27 ga Maris

Na ba Dogo makullin ɗakin shebur. Na ce aljihuna ne ya yage. Ya ce, "Allah sarki, Baba, aljihu ma tsufa yake." Ya sa a nasa.

Laraba, 2 ga Afrilu

Mun mayar da su sabon shinge, kowa da ɓangarensa, ƙofar ƙarfe a tsakani. Tulin kowa muka fara kaiwa kafin mai shi, a baro, ni ina gaba Dogo yana turawa. Mai Yauƙi ta shiga taɓon har wuya, ta yi birgima, ta fito ja wur kamar sabuwar tukunya. Ta tsaya a rana idonta a lumshe. Shekara goma sha tara ina wanke ta da tiyo ina jin daɗin yadda fatarta ke ƙyalli.

Jumma'a, 11 ga Afrilu

Tun jiya Soja ya ƙi cin ganyensa, ya kafe a bakin ƙofar tsakani yana wannan siririn kukan. Likita ta ce yau ne. Ni na zare sakatar.

Ba zan iya tsara abin da ya biyo baya ba. Ƙura, huci, ƙaho yana gamuwa da ƙaho da ƙara kamar ana fasa itace. Ta kore shi ya zagaya duwatsu sau uku. Ya dawo ya ɗaga ta da ƙaho har ƙafafunta na gaba suka bar ƙasa. Na ga jini a kafaɗarta. A shekarun baya a daidai nan nake sa a buɗe tiyo a raba su, kuma yau ma hannuna ya kai kan famfo. Likita ta ce, "Baba, don Allah. Minti goma." Dogo kuma ta ɗaya gefen: "Bar su, Baba, gaisuwa ce. Ni ma haka muka fara da uwar 'ya'yana."

Na ba su minti goman. Na ƙara goma.

Babu abin da ya faru na barbara. Amma da la'asar na same su kwance a taɓo, tsakaninsu bai fi taku biyar ba, kowa ya ba ɗan'uwansa baya.

Asabar, 12 ga Afrilu

Raunin ba mai zurfi ba ne. Taɓo ya rufe shi, ƙuda bai samu ba.

Talata, 6 ga Mayu

Ya faru, da hantsi, a bayan duwatsu. Mu uku muka shaida daga kan katanga. Likita ta rubuta lokaci a littafinta. Dogo ya cire hula ya ce Allah ya sanya alheri, ya ba da zuri'a mai albarka, sannan ya tambaye ni ko dangin amarya za su ba ɗan aike tukuici.

Ni dai na sauko na tafi wajen barewa na duba ruwan shansu. Akwai abin da bai kamata dattijo ya tsaya yana kallo ba, kuma idona yana ɗan damuna.

Talata, 3 ga Yuni

Kwanakin sun zagayo, an kai wa Soja bokiti, ya shinshina ya koma kan ganyensa. Likita ta ce wannan alama ce mai kyau, amma ba tabbas ba. Sai an yi watanni ana aika kashinta ɗakin gwaji kafin a san ko ciki ya zauna. Ta aika wa kwamiti rahoto.

Cikin karkanda wata goma sha biyar ne. Na ƙirga a kalandar bango: Agustan baɗi. Ni kuwa a Disamban bana zan ajiye aiki. In Allah ya kawo shi, da tikiti zan shigo in gan shi, in tsaya a bayan ramin da na auna da hannuna, in jira uwarsa ta ga dama ta fito da shi daga bayan duwatsu. Ina ganin abin sarai, har da inuwar da zan tsaya a ciki. Wani lokaci ina ganinsa namiji, wani lokaci mace.

Litinin, 30 ga Yuni

Amsar kwamiti: Mai Yauƙi za ta zauna. Sun kuma nemi a rubuta musu yadda aka yi, domin wasu gidajen. Likita ta kawo mini takardar da sunana a sama da nata. Na ce ta gyara. Ta ce ba za ta gyara ba, wai ita ba ta tsaya a gaban motar siminti ba.

Na gaya wa mai ɗakina. Ta ce to yanzu sai in ci abinci.

Talata, 8 ga Yuli

An yi yayyafi da safe, shingen ya tashi da warinsa. Ina tsaye a wajen masu kallo sai ga wani dattijo mai tsaf-tsaf, da sanda da hankici a hanci. Ya nuna tulin da ke kusurwa da sandarsa, ya ce mini gidan nan ya lalace. Ya ce shekarun baya yakan kawo 'ya'yansa, a lokacin akwai wani ma'aikaci mai kula da karkanda, mutum na gaske, shingensa ko abinci aka zuba a ƙasa sai a ci. Ya tambaye ni ko na san shi.

Na ce na san shi ƙwarai, mutum ne mai ƙoƙari.

"Ina yake yanzu?"

Na ce ya ajiye aiki.

Ban san abin da ya sa na faɗi haka ba, alhali sai Disamba. Ya girgiza kai ya ce irinsu sun ƙare, ya wuce wajen zakuna. Na ɗan ƙara tsayawa. Mai Yauƙi ba ta fito daga bayan duwatsu ba, kunnenta ɗaya kawai nake hangowa yana juyawa.